Na Saci Hannun Baba

Masu tambayata a sharhi me ya sa na yi shiru har kwana tara, ga amsarku. Ba data ce ta ƙare ba, lafiyata kuma ƙalau. Kunya ce ta hana ni. Na rubuta wannan kashin na goge ya fi sau biyar, don duk yadda na juya labarin ni ce mai laifi a ciki. Wanda zai zage ni ya zaga, na riga shi zagin kaina.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce auta a gidanmu. Mu uku ne, duk mata, yayyena biyu suna ɗakunan mazajensu. Ina digiri na biyu a fannin zanen kwamfuta. Yawancin masu wannan fanni burinsu kwamfuta ta fitar da hoton da ba za ka bambanta shi da na kyamara ba. Mu a ɗakin bincikenmu akasin haka muke nema. So muke a ba kwamfuta hoton kyamara, ta mayar da shi kamar mutum ne ya zauna da alƙalami da tawada ya zana. Umma ta ce ba ta taɓa jin aikin wahala irin wannan ba: an ƙera inji don ya fi mutum, mu kuma mun zauna muna koya masa kuskuren mutum.

Babana mai zane ne, sama da shekara talatin yana zana hotunan littattafan makaranta da fuskokin mutane. Yana da dokokinsa biyu da na haddace tun kafin in iya karatu. Ba ya shafa baƙi. Duk inuwar da ka gani a zanensa siraran layuka ne a jere, inda duhu ya fi yawa sai ya gitta wasu a kansu. Sannan ɓangaren da haske ke faɗowa ba ya rufe layi, yakan ce idon mai kallo ma yana da aikinsa, a bar masa.

A bangon falonmu akwai ƙusa uku a jere. Rana ɗaya Baba ya kafa su don kada wata ta fi wata tsawo. Ta farko tana ɗauke da fuskar babbar yayata, ya zana ta lokacin da mijinta ya fara zuwa gaishe shi. Ta biyu ta ƙaramar yayata ce, ita ma haka. Ta uku babu komai a kanta. Duk sa'ad da na ce, “Baba, ni fa?” sai ya ce, “Kawo mutum tukuna, Uwata.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Yanzu ga satar.

Bara Dakta, malamar da ke duba aikina, ta ce manhajar da nake rubutawa ba za ta yi rai ba sai ta koya daga hannun mutum ɗaya na gaske, layuka dubbai, na shekaru masu yawa. Ina jin haka na tuna kabad ɗin ɗakin aikin Baba: littattafan zane arba'in da ɗaya, kowane shafi da kwanan wata a ƙasansa. Ban tambaye shi ba. Na san amsar. Baba “mai kwaikwayo” yake kiran kwamfuta, kuma ba da sigar yabo ba. Sai na dinga zare biyu-biyu ina sakawa a jakar laftof, in kai makaranta in ɗauka a sikana, in mayar kafin ya lura. Wata uku na yi ina wannan. Na ce wa kaina in aikin ya yi kyau zan nuna masa ya yi alfahari da ni. Kowane ɓarawo yana da irin wannan labarin da yake ba kansa.

Manhajar tana auna kowane layi: tsawonsa, kaurinsa, da yadda ya kauce daga hanyar da ya nufa. Wata rana na sa ta jera min wannan kaucewar shekara bayan shekara a jadawali. Shekara talatin layin jadawalin a kwance yake. A shekaru uku na ƙarshe sai ya ɗaga kai ya fara hawa. Na buɗe shafukan na ƙara musu girma. Dogayen layukan Baba, waɗanda a da yake ja da numfashi ɗaya, sun koma da 'yan ƙananan lanƙwasa a jere kamar haƙoran zarto. Ido ba ya gani sai an faɗa masa inda zai duba.

Na ce sikana ce ta lalace. Na sake ɗauka a wata. Abu ɗaya.

Dakta ta tsaya a bayana tana kallon allon, har da dafa min kafaɗa. “Wannan shi ne abin da kowa ke nema ya rasa. Dubi yadda layin ke da rai. Wane ne mai zanen?”

“Wani dattijo ne da na sani,” na ce.

Ita ta sa na ƙara wa manhajar wani ɗan ma'auni da ake ja da linzamin kwamfuta. Ka ja shi hagu, hannun Baba na ƙuruciya ya zana maka. Ka ja shi dama, hannunsa na yanzu. Dakta dama take so, don haka a dama na bar shi.

Ranar na koma gida na zauna ina kallon mahaifina kamar ban taɓa ganinsa ba. Da hannu biyu ya ɗauki kofin shayi. Yana ajiyewa hannun damansa ya koma aljihun rigar aikinsa, mai ɗigon tawada a gaba. Sai a lokacin na tuna yaushe rabon da in ga ƙofar ɗakin aikinsa a buɗe. Na tuna ya daina sa riga mai maɓalli. Na tuna Umma tana mita wai tsufa ya sa masa miskilanci, mutum ya kulle kansa kamar mai ƙirga zinare. Ita da ta yi shekara talatin da huɗu da shi ba ta sani ba. Ni na sani, kuma ta hanyar da ba zan iya buɗe baki in faɗa ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka.

Sai kuma Dogo. Shi ma a ɗakin bincikenmu yake, yana gaba da ni, shi ke kula da babbar firintar sashe. Dogo kowa ke ce masa, amma a wayata “Sarkin Gaggawa” na ajiye shi. Mutum ne da in ka ce kana jin ƙishi, kafin ka rufe baki ya sayo katan ɗin ruwa. Zuciyarsa fara tas, sai dai ƙafarsa tana riga kunnensa. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Na faɗa masa mai zanen babana ne. Ban faɗa masa Baba bai san na ɗauka ba. Ban faɗa masa rawar layin ciwo ba ce, na bar shi yana ɗauka salo ne. Kuma wata rana cikin wasa na ba shi labarin ƙusa ta uku.

Umma kuwa ta gaji da ganina ina murmushi da waya. “Shekara guda kina ƙus-ƙus a bayan labule. Ko ki kawo shi babanki ya gan shi, ko ki sallame shi ya nemi wata. Ba na son wasa da 'ya'yan mutane.” Aka sa Asabar, ƙarfe huɗu. Gwaggo, yayar Baba, ba wanda ya gayyace ta, amma tun sha biyu ta iso da jakarta da tabaraunta. Gwaggo duk abin da idonta ya gani bakinta sai ya ba da rahoto.

Ranar mun wanke falo har ƙarƙashin kujeru. Umma ta fito da kofunan baƙi masu zoben ruwan zinare, waɗanda ko kallonsu ba a barinmu mu yi. Na sa doguwar riga ruwan toka mai aiki a wuya, Gwaggo ta ce na yi kama da mai zuwa neman aiki, na cire. Na sa kore, ta ce to yanzu an ga mace. Ina gaban madubi ina fama da fil ɗin mayafi wayata ta yi ƙara. Uku da minti goma.

Hoto ne Dogo ya turo: wani faffaɗan abu mai kusurwa huɗu, naɗe da takarda ruwan ƙasa, a kujerar bayan motar abokinsa. A ƙasa ya rubuta: “Tsarabar Baba. Yau ƙusar nan za ta samu aiki.”

Fil ɗin ya soke min yatsa ban ji ba sai da na ga jini.

“Me ke ciki?” na rubuta.

“Sirri. Ke ma za ki gani tare da kowa.”

“Don Allah kar ka shigo da shi. Bar shi a mota.”

Alama ɗaya. Bai shiga ba.

“Ka ji? KAR KA SHIGO DA SHI.”

Alama ɗaya. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Kun san me ya fi ci min rai? Ni da bakina na yi masa faɗa makon jiya kan taɓa waya yana tuƙi, har na ce in ya ƙara ba zan sake shiga motar da yake ja ba. A duk maganganun da na taɓa faɗa masa, wannan ce kaɗai ya saurara har ƙarshe.

Na ce to in tare shi a bakin get. Na zari takalmi, Umma ta sha gabana da faranti a hannu.

“Ina zuwa?”

“Waje zan leƙa, Umma.”

“Ki tsaya a titi kina leƙe kamar mai jiran ɗan aike? Ki ja ajinki mana. Koma ciki.”

“Minti ɗaya kawai.”

“Babanki na can yana jiransa. Ke kuma zo ki jera biskit ɗin nan.”

Na leƙa ta taga. Baba na tsaye a bakin get cikin farar rigarsa mara maɓalli, hannun dama a aljihu. Na jera biskit ina karya su. Gwaggo ta ce wa Umma, “Dubi 'yarki, kamar ita za a yi wa tambayoyin.” Suka yi dariya. Na sake tura saƙo uku, duk alama ɗaya.

Huɗu saura minti biyar motar ta tsaya. Dogo ko ranar mutuwarsa da wuri zai je. Na gan shi ya durƙusa ya gaida Baba, ya miƙe, ya buɗe ƙofar baya. Na yi ta yarfa masa hannu ta taga. Ya gan ni, ya washe baki, ya ɗaga min abin sama kamar wanda ya ci kofi.

A falo ya zauna a ƙasa kan darduma, Baba ya ce ya hau kujera, ya ƙi. Ya jingina abin a gefen teburi. Na kawo shayi, na sunkuya daidai kunnensa na ce, “Kar ka ba shi.” Cokula na ƙara, Gwaggo na magana, abin da ya ji daban. Ya gyaɗa min kai yana murmushi.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba ya tambaye shi iyayensa, ya tambaye shi karatunsa. Dogo na amsawa da ladabi, kansa a ƙasa. Na ga Umma na satar kallonsa tana gyara zama, alamar ya shiga ranta. Har na fara sa rai za a tashi ba a taɓa abin ba, in san yadda zan yi ya koma da shi.

“Wai ni wannan me aka naɗe haka?” in ji Gwaggo.

“Kayan makaranta ne, Gwaggo,” na yi caraf na ce.

“A'a,” in ji Dogo, “na Baba ne.” Ya ɗauko da hannu biyu ya miƙa.

Baba bai fito da hannunsa ba. Ya dube ni. “Uwata, buɗe mana mu gani.”

Da hannuna na yage takardar.

Ni ce. Wani hoto da Dogo ya ɗauke ni a ɗakin bincike, na juyo ina hararsa, shi ya ba manhajar. Ya buga shi a takarda mai kauri, ya sa a firam baƙi mai gilashi, daidai girman na yayyena. Babu shafen baƙi ko ɗigo. Inuwar ƙarƙashin haɓata siraran layuka ne a gicciye. Kuncina na hagu, inda hasken taga ya faɗo, an bar shi a buɗe. Ko ni da na rubuta manhajar sai da tsigar jikina ta tashi. Kuma ma'aunin yana dama, inda na bar shi. A wannan girman ba sai an faɗa wa ido inda zai duba ba. Kowane dogon layi na mayafina yana karkarwa tun daga sama har ƙasa.

Umma ta dafe ƙirji, idonta ya ciko. “Malam, ashe abin da kake kulle ƙofa kana yi ke nan? Har da haɗa baki da yaron?”

Baba bai ɗago ba. Kallon hoton yake, ba ya ko ƙiftawa.

Gwaggo ta gyara tabarau ta matso. “Zanenka ne kam, Mai Zane, ko a duhu na san shi. Amma me ya sami layukan? Kamar a cikin mota ka zauna ka yi.”

“Ai Gwaggo ba Baba ne ya zana ba,” in ji Dogo, murya cike da murna. “Manhajarta ce. Daga littattafan Baba ta koya, duka arba'in da ɗayan. Wannan rawar da kika gani ita ce ma sirrin aikin, Dakta ta ce babu wanda ya taɓa samun irinta. A shekaru ukun ƙarshe ta fito, in kika ga jadawalin yadda take ƙaruwa...”

“Ya isa,” na ce.

Ya juyo ya ga fuskata. Na ga lokacin da murmushin ya mutu a bakinsa, amma magana ta riga ta fita.

Baba ya ɗago daga hoton ya dubi kabad ɗinsa ta ƙofar ɗakin aiki, duk da ƙofar a rufe take. Sannan a hankali ya zaro hannunsa daga aljihu ya ɗora a kan teburi, kusa da kofinsa. Cokalin da ke kan faranti ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ba tsayawa.

“Ba mota ba ce, Yaya,” ya ce wa Gwaggo.

Tun da nake ban taɓa ganin Gwaggo ta rasa abin faɗa ba sai ranar. Umma ta kalli hannun, ta kalli fuskarsa, ta sake kallon hannun.

“Tun yaushe, Malam?”

“Tambayi 'yarki. Ita ta auna.”

Duk suka juyo kaina. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Kuma abin takaici, na san amsar har da wata.

“Shekara uku da wata huɗu,” na ce.

“Ke kuma tun yaushe kika sani?”

“Wata bakwai, Baba.”

“Wata bakwai.” Ya jinjina kai. “Kina kawo min shayi, kina kallona ina riƙe kofi da hannu biyu, kina cewa Baba sannu da aiki.”

“Na rasa yadda zan faɗa ne. In na faɗa dole in faɗi yadda na sani.”

“Wa ya gani bayan ke?”

“Dakta. Da 'yan ɗakinmu.”

“Su nawa?”

“Shida.”

“Mutum bakwai a waje sun san abin da matata ba ta sani ba.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Umma ta sa gefen mayafinta ta rufe baki. Ni dai na zube a gabansa ina cewa ya yafe min, ban ma san me nake faɗa ba.

Ya miƙe ya shiga ɗakin aiki. Muka ji ƙarar mukulli, muka ji durowa ta buɗe. Dogo ya raɗa min, “Wallahi ban sani ba.” Na ce, “Na sani. Ni ban faɗa maka ba.” Ban iya kallonsa ba.

Baba ya dawo da wata tsohuwar jakar takardu, ya ajiye min a cinya. “Wannan ba ya cikin kabad, shi ya sa injinki bai samu ba. Buɗe.”

Takardu goma sha huɗu. Duk fuskata. Kowace da kwanan wata a ƙasa. Ta farko shekara biyu da suka wuce, ta kai har baki da haɓa kafin wani layi ya kufce ya ratsa kunci. Ta biyar ta tsaya a hanci. Ta ƙarshe, ta watan jiya, gira ce kawai da ido ɗaya, sai ɗigon tawada babba a inda ɗayan idon zai zauna.

“Ina ce miki ki kawo mutum tukuna,” in ji Baba. “Ni ban jira ba. Na ga lokaci na ƙure min, na ce bari in gama in ajiye, ranar da ya zo in fito da shi kamar jiya na yi. Ban so a ce ke kaɗai ce ƙusarki ta zauna haka ba.”

Ban san zuciya na iya ciwo irin na ƙashi ba sai lokacin. Ina can ina auna layinsa a makaranta, shi yana nan bayan ƙofa yana kokawa da fuskata.

Dogo ya matso a kan gwiwoyinsa. “Baba, laifina ne. Ni na yi azarɓaɓi, ban tambayi kowa ba. A yi haƙuri.”

“Kai ba ka ɗauki komai nawa ba. Kyauta ka kawo, na kuma gode.” Baba ya sake duban firam ɗin, ya daɗe. Ya kai yatsansa kan gilashin, daidai kuncin da aka bari a buɗe. “Ya san inda zai tsaya ma. Injin ya iya. Awa nawa ya ɗauka?”

Na roƙi Allah a raina Dogo ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa.

“Daƙiƙa arba'in, Baba.”

Baba ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ya ɗauki firam ɗin da hannu biyu, yana girgiza, ya miƙa wa Dogo.

“Riƙe, ka kai ɗakinka, ai naka ne. Na ga hankalinka, ban ga abin ƙi a tare da kai ba. Amma ƙusar can ta zanena ce. Yayyenta da hannuna na zana su kafin su bar gidan nan, ita ma haka za a yi. Ranar da na gama, ka turo manyanka.”

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya. “To alhamdulillahi, in dai wannan ne ai mai sauƙi ne.” Umma ma ta share ido ta ce Allah ya nuna mana. Dogo ya yi ta godiya har yana sarƙe harshe. Ya fita rungume da hotona, yana waiwayena da fuskar wanda aka yi wa sassauci.

Bai kai ƙarshen layinmu ba saƙonnina biyar suka shiga wayarsa, na ga alamomin sun zama bibbiyu a jere. Ya rubuto: “Innalillahi. Yanzu na gani.” Bayan minti ɗaya kuma: “Amma bai kore ni ba ko? Zan jira. Zane irin wannan kamar wata nawa yake ɗauka?”

Ban amsa ba. Har yau ban amsa ba. Gwaggo ba ta ga jadawalin ba, Umma ba ta gani ba. Dogo ya gani, amma a matsayin sakamako mai kyau ya gan shi. Ni ce na zauna da layin nan wata bakwai, na san daga inda ya tashi, na san bai taɓa saukowa ba ko na wata ɗaya. Ranar Litinin Umma ta tasa Baba gaba zuwa asibiti, ba ta saurari gardamarsa ba. Likita ya ba da magani, ya ce zai iya sassautawa. Bai ce zai tsayar ba. Dakta kuma ta turo min saƙo tana tambayar me ya sa na daina zuwa, ita ma ban san me zan ce mata ba.

Wasunku za su ce horo ne Baba ya yi min. Na yi ta juya wannan a raina. Ban sani ba. Wata rana ina ganin horo ne, wata rana ina ganin abu ɗaya ne ya rage masa da bai yarda a karɓe ba.

Abin da na sani shi ne, tun washegarin ranar ƙofar ɗakin aikinsa a buɗe take. Kullum bayan karin kumallo yakan ce, “Uwata, zo.” In zauna a kan kujerar katako kusa da taga, da koren mayafin nan. Ba ya min maganar littattafai, ba ya min maganar Dogo. Na ce ya yafe min ya fi a ƙirga, sai ya ce, “Ɗaga haɓarki.”

Yau da safe takarda ta ashirin da uku ya ɗora a allo. Ya tsoma alƙalami, ya riƙe wuyan hannun damansa da na hagu, ya matso da fuskarsa kusa da takardar. Ina jin bakin alƙalamin yana ƙyas-ƙyas. Ya ja gira, ta fita. Ya ja fatar ido, ta fita. Na riƙe numfashina. Ya ɗaga hannu zai sauko da dogon layin mayafi, ya tsaya a sama ya daɗe.

“Kar ki motsa, Uwata,” ya ce.

Ban motsa ba. Mu biyun mun san ba ni ce ke motsi ba.